Tamanrasat: Cinikin Kwamfutar Wasa A Garin Ƙura

Daga birnin Alje zuwa Tamanrasat tafiya ce ta kilomita kusan 2,000. Mai hali yakan hau jirgin sama ya sauka filin Agenar cikin sa'a biyu da rabi, mu kuwa 'yan bas sai mun wuni mun kwana mun sake wuni a hanya. A ratsa Gardaya da Maniya, a gangara Insala, garin da zafin bazara kan wuce digiri 45 ba wanda zai ce uffan, sa'an nan hanya ta kutsa kwazazzabon Arak ta fara hawa sannu a hankali. Can gaba akwai hubbaren Mulai Lahsan, wanda tsofaffin direbobi ke da al'adar kewaya shi sau uku da mota kafin su wuce. Akwai kuma In Ekar, inda Faransa ta yi ta gwajin bam ɗin nukiliya a cikin dutse daga 1961 zuwa 1966. Kafin a shiga gari sai ka ji iska ta sauya, gumi ya bushe, mutane sun fara neman rawunansu da mayafansu.

Dalili kuwa shi ne Tamanrasat bisa tudu take zaune, wajen mita 1,400 sama da teku, a gindin duwatsun Hoggar. Shi ya sa ko a watannin Yuni da Yuli zafinta kan tsaya wajen digiri 35 ko 36, da hunturu kuwa akan sami daren da ruwa zai kwana a kwano ya wayi gari da ƙanƙara. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta tudu, domin za mu komo kanta. Lokacin da Bafaranshen nan Sharl da Fuko ya zo ya zauna a 1905, 'yan bukkoki ne wajen ashirin a bakin kwari. Ƙidayar 2008 ta sami mutum sama da 92,000, kuma tun daga lokacin gari bai daina faɗi ba. Ruwan da ake sha ma, tun 2011 daga Insala ake turo shi ta bututu, tafiyar kilomita sama da 700.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan gari, ko da takardun wasunmu sun ce haka. A zamanin ayari Abzinawan Hoggar sukan ɗauki gishirin Amadgor su kai Damargu su musanya da gero, hanyar da suka bi kuwa ita kakanninmu suka biyo. Yau ka shiga Gat-el-Wad ko Tahaggart ko kasuwar Asihar za ka ji Hausar Agadas da ta Tawa da ta Damagaram tana gogayya da Larabci da Tamahak. Babbar shaida ita ce gasasshen naman da garin ya yi suna da shi, wanda Larabawa da Abzinawa duka suke kira "mainama". Sun ɗauki sunan mai sana'ar sun laƙa wa abincin, har a Alje yanzu sai ka ga an rubuta shi a ƙofar gidan abinci. Da kuɗin wannan nama aka gina gidaje, aka aurar da 'ya'ya, kuma da shi ne za a sayi abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Na sauka gidan yayata. Mijinta mai nama ne, ɗansu na fari kuwa yana karatu a jami'ar garin, wadda ke ɗauke da sunan Amenokal Haji Musa ag Akhamuk. Yaron ya daɗe yana naci a saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka, amma irin wadda ake kira ta wasa. Uwar ta kwashi adashinta, uban ya ƙara, shi ma ya zuba abin da ya tara daga ɗaukar hoton biki. Da yake ni ne na taɓa zama cikin 'yan boko, sai aka ɗora mini rakiya.

Yayata ta ce, "Ni dai ban gane ba. A ce abin wasa ya fi na aiki tsada?"

Yaron ya ce, "Inna, suna ne kawai. Da ita ake zanen gini, da ita ake haɗa fim ɗin biki."

Na ce, "Kai kuma ba za ka buga ƙwallo a ciki ba ko?"

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, wannan sai da daddare."

Gaskiyar yaron ce, kuma gaskiyar uwar ce. Kwamfutar wasa tana da wani sashe na musamman da ake kira katin hoto, wanda aikinsa shi ne zana abin da ido ke gani sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wannan kati shi mai zanen gini yake bukata, shi mai haɗa fim yake bukata. Amma ɗalibin da aikinsa bai wuce rubutu da karanta littattafai ba, in ya ce sai ta wasa, to wasan yake so, iyaye su sani. Ban ga laifin saurayi ya yi wasa ba, abin da na ƙi shi ne a fake da karatu a kwashe adashin tsohuwa.

Washegari da hantsi muka fara zagayen shaguna, daga tsakiyar gari zuwa wajen Sarsuf. Abu na farko da zai rikita baƙo shi ne lissafi. Tun 1964 ƙasar nan take amfani da dinar, amma har gobe da santim jama'a ke ciniki. In mai shago ya ce maka "miliyan ashirin", dinar 200,000 yake nufi. Mutanenmu kuma da suka taso da sefa suna da nasu lissafin na dala da jika, inda dala ashirin take sefa 100. Sai ka tarar a ciniki guda ana lissafi iri uku, mai shago da santim, takarda da dinar, mai saye kuma yana mayar da shi jika a zuci domin ya ji nauyin abin. Nauyin kuwa ba kaɗan ba ne. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan dinar 20,000 ne daga 2020, aka kai shi 24,000 a farkon 2026. Watau kwamfutar miliyan ashirin ta cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata takwas da 'yan kwanaki, bai ci ba bai sha ba.

Kayan da ke shagunan iri uku ne. Akwai sabbi cikin kwali da 'yan kasuwar arewa suka shigo da su. Akwai na 'yan jaka, waɗanda a nan ake ce wa "kaba", masu zuwa Faransa ko Dubai su cika akwati su komo. Akwai kuma tsofaffi da aka goge aka yi musu kwalliya. Farashinsu duka yana bin kuɗin yuro na kasuwar bayan fage ta dandalin Port Sa'id a Alje, sa'an nan a ɗora kuɗin mota na kilomita 2,000. Daga ƙarshen 2025 kuma sai wata fitina ta ƙaru, manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi wa ƙwaƙwalwar RAM rububi a kasuwar duniya, farashinta ya tashi, ya ja na kwamfuta. Yaron ya riƙa buɗe shafin Ouedkniss a wayarsa yana nuna wa masu shago farashin Alje. Wani dattijon Balarabe ya dube shi ya ce, "Ɗana, je ka Alje ka saya. Ran da ta lalace kuma sai ka sake komawa." Ba mu da amsa. Ana iya aiko da kaya daga arewa ka biya in sun iso, amma mai kawo saƙo ba zai tsaya maka rabin sa'a kana gwaji ba, zuwa da kai kuwa ya fi aike.

A shago na biyu aka fito mana da wata siririya, baƙa wuluk, madannanta na walƙiya ja da kore kamar motar amarya. Mai shago ya ɗora yatsa kan 'yar takardar da ke manne ya ce, "i7 ce." A nan mutanenmu da yawa ke faɗawa rijiya. Sunan i7 shi kaɗai bai gaya maka komai ba, domin kamfanin Intel ya fi shekara goma sha biyar yana fitar da i7, akwai ta jiya akwai ta shekaranjiya. Sai ka karanta lambar da ke biye, ka ga zamaninta, ka duba harafin ƙarshe. Mai harafin U an yi ta ne domin tattalin batir, mai H ko HX ita ce ta aikin ƙarfi. Sabuwar i5 mai H, ko Ryzen 5 ta kamfanin AMD, takan bar tsohuwar i7 a baya. Bayan haka ma, a wajen wasa katin hoto ne ango, sauran duk 'yan rakiya ne.

Katin da ya cika kasuwa na kamfanin Nvidia ne. RTX 3050 ya fito a 2021, yawancinsa da giga 4 na ƙwaƙwalwar hoto. RTX 4050 mai giga 6 da RTX 4060 mai giga 8 sun fito a 2023, jerin 50 kuma a 2025. Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare, a ɗauki babbar lamba. Ba ta ƙare ba. Nvidia ta bar wa masu ƙera kwamfuta zaɓi su ba RTX 4060 wuta daga wat 35 har zuwa wat 115, gwargwadon zafin da jikin kwamfutar zai iya fitarwa. Suna ɗaya, kati ɗaya, amma wani an sake masa linzami wani an ɗaure shi a turke. Siririyar nan da aka nuna mana, da yaron ya shiga manhajar Nvidia ya duba, wat 45 aka ba katinta. Kusa da ita akwai wata mai kauri, ba kwalliya, katinta 4050 amma da wat 95. Irin wannan takan kamo siririyar, a wasu wasannin ma ta wuce ta, ga shi kuma ta fi araha. Wannan lamba ta wat ba a cika rubuta ta a kwali ba, kuma masu shago da yawa su kansu ba su san da ita ba. Ba ha'inci ba ne a kullum, abin da aka aiko musu suke sayarwa.

Sai batun RAM. Giga 8 ta yi kaɗan a yau, 16 ita ce daidai. In kuɗi bai kai ba, a tambaya ko akwai gurbi na biyu da za a ƙara daga baya, domin wasu siraran an liƙe musu ita da dalma, yadda ka saya haka za ka mutu da ita.

Akwai abin da kuɗi ba ya saye a Tamanrasat, ina kuma so samarinmu su ji shi. Wasannin da ake yi da mutanen wasu ƙasashe ta intanet, irin su Counter-Strike da Valorant da EA Sports FC, manyan na'urorinsu mafi kusa da mu a Turai suke. Saƙonka sai ya bi waya ya hau arewa, ya shiga wayar ƙarƙashin teku a Annaba ko Alje ko Oran, sa'an nan ya tsallaka. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kilomita wajen 200 ne cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Zuwa bakin teku da komowa kawai ya ci kashi 20 bisa dubu, kafin a zo ga sauran tsaiko na hanya. Saboda haka ɗan Alje zai riga ka harbi ko da kwamfutarka ta ninka tasa kuɗi. Wanda ya ƙara miliyan biyar domin ya gyara wannan ya zuba ruwa a rairayi.

Maganar faɗin allo ba ta ɗauke mu lokaci ba. Ana auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa, inci 15.6 santimita 40 ke nan ba kaɗan, inci 17.3 kuwa 44. Yaron ya so babba. Na ce ya ɗaga ta, ya haɗa da cajarta wadda ta kusa bulo, ya tuna zai rataya su kullum zuwa jami'a. Ya ajiye. Abin da ya fi faɗi muhimmanci shi ne yawan ɗigon hoto. Allo mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, mai 2560 sau 1600 kuwa miliyan 4 da 'yan kai, watau katin zai yi aiki ninki biyu, ya ƙara zafi, ya rage gudu. Ƙaramin kati da allo mai yawan ɗigo kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. A kuma fita da ita bakin ƙofa a duba haskenta, domin ranar Hoggar takan mayar da allo mai rauni madubi. Madannai su ma a duba. Kayan Faransa da AZERTY suke zuwa, na Dubai da QWERTY, wasu da haruffan Larabci wasu babu, kuma ɗalibin da ke rubutu da Larabci zai sha wahala in babu su. Ƙ da ɗ da ɓ namu kuwa ba su kan ko ɗaya, sai an sa musu manhaja.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan yawo a wata 'yar rumfa na gan shi, kusa da kasuwa, wurin wani saurayi mutumin Damagaram mai gyaran waya da kwamfuta. Mun tarar ya kwance bayan wata kwamfutar wasa wadda mai ita ya ce ba ta fi shekara ba. Ya sa hantsaki ya zaro wani abu daga tsakanin fanka da haƙoran tagulla, ya ɗaga mana. Wani dunƙule ne ja-ja, kamar an yanko shi daga bargon raƙumi.

Ya ce, "Baba, ka ga abin da ke kashe su. Mai ita cewa ya yi aljani ya shige ta, tana kuka kamar injin niƙa, wasa kuma sai tsalle yake yi."

Na ce, "Ƙura ce kawai?"

Ya ce, "Ƙura da gashin bargo. Ƙurar garin nan kamar garin alkama take, ba ƙofar da ke hana ta shiga."

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwar kwamfuta da katin hoto in suna aiki sosai suna fitar da zafi kamar ƙaramin dutsen guga. An ɗora musu bututun tagulla masu ɗan ruwa a ciki, ruwan ya zama tururi ya kai zafin ga wasu siraran haƙora a gefe, fanka kuma ta zuƙo iska ta ƙasa ta hura ta cikin haƙoran ta fitar ta baya. In zafin ƙwaƙwalwa ya doshi digiri 95 zuwa 100, ko na kati ya doshi 87, kwamfuta da kanta take rage gudu domin kada ta ƙone. Ke nan ka biya kuɗin doki, zafi ya mayar maka da shi jaki.

Yanzu mu komo kan tudun nan. A mita 1,400 iska ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi 13 cikin 100. Fanka tana juyawa yadda aka yi ta, amma abin da take kwasowa bai kai ba, don haka zafin da take fitarwa ya ragu. Kwamfutar da ke zaune lafiya a Alje ko Oran, a nan sai ta ƙara haki, kamar baƙon da ya hau dutse. Bugu da ƙari, yawancin masu ƙera su sun rubuta cewa a yi aiki da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa da rana tsaka a watan Yuni a bakin wannan iyaka muke, ɗakin kwano ma ya wuce ta. 'Yan'uwanmu na Insala da In Gezam su kam sai dai su jira dare ko su kunna na'urar sanyi. Sa'an nan ga ƙura, wadda ta fi tsanani daga bazara zuwa lokacin da damina ta faɗi a Nijar da Mali, sa'ad da iskar hadari ke turo ta arewa, sama ta yi ja har a kunna fitila da la'asar. Tudu ya rage mana zafi, ya kuma rage mana iska. A kan wannan dalili ne na ce a Tamanrasat kauri ba aibi ba ne. Mai kauri tana da manyan fankoki biyu, da bututu uku ko huɗu, da ƙofofin iska a baya da gefe. Siririya an yi ta ne domin ofisoshin Turai.

Sauran laifin namu ne, na zaman gida. Mu mutanen ƙasa ne, a darduma muke zama, a katifa muke kishingiɗa, da hunturu kuma a cikin bargo. Saurayi sai ya ɗora kwamfuta kan bargo ya toshe mata hanci, alhali ta ƙasa take shaƙa. Mai gyaran ya ce ba sai an sayi abin tsada ba, a ɗora ta kan teburin shayi ko faifan katako, a sa marfin kwalba biyu a ƙarƙashin ƙafafunta na baya domin iska ta sami hanya. Faifan nan mai fanka da ake sayarwa yana ɗan taimako, amma a ɗaki mai ƙura har da ƙurar yake turawa ciki. Ya ce a garin nan a buɗe a share duk wata uku ko huɗu, da buroshi mai laushi, a kuma riƙe fankar da yatsa in ana hura mata iska domin kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Ya yi kashedi da kai ta wurin mai faci a hura mata iskar taya, domin wannan iska da ƙarfi take zuwa, wani lokaci har da ruwa da mai. Man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da tagulla shi ma yakan bushe, sai a sake shi bayan shekara biyu ko makamancin haka. Wasu masu tsada kuwa ruwan ƙarfe aka sa musu maimakon mai, in ya ɗiga kan allon wuta ya gama da shi, saboda haka kada a ba ɗan koyo.

Ranar Juma'a shaguna a rufe, sai muka bi wasu abokan yaron zuwa Asekrem, tafiyar kilomita wajen 80 a hanyar duwatsu da ba ta son ƙaramar mota. Wurin ya fi mita 2,700, daga can kuma ana hango Tahat, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,908. Masu yawon buɗe ido ɗakin dutsen da Fuko ya gina a 1911 suke zuwa gani, da fitowar rana a bayan tsaunuka masu kama da haƙoran zarto. Ni abin da ya ba ni sha'awa shi ne tashar auna iska da ke can, ɗaya daga cikin tashoshin da hukumar yanayi ta duniya ke dogara da su, inda ake auna har da wannan ƙura da ke toshe mana fanka. Sanyin asuba a wurin ba a magana. Ɗaya daga cikin samarin wayarsa ta mutu, ya zaro batirin ajiya zai sa mata caji, direbanmu Ba'abzine ya ce ya fara ɗumama ta a cikin riga. Ya yi daidai, domin batirin lityum ba ya son caji in sanyi ya kai na ƙanƙara, kamar yadda ba ya son a bar shi cikin mota a rufe da rana. Na kwamfuta ma haka yake.

Ranar Asabar muka koma wurin mai kaurin nan. Kafin a yi maganar kuɗi yaron ya roƙi a sa ta a wuta, ya kunna wasa mai nauyi tare da wata 'yar manhaja mai suna HWMonitor da ke nuna zafi, muka zauna aka kawo shayi. Minti biyar na farko kowace kwamfuta jaruma ce, sai an kai minti ashirin ko talatin ake sanin halinta. Muka sha kofi na farko da na biyu da na uku, zafin katin ya tsaya ƙasa da 80, gudu bai faɗi ba, fankar tana ƙara amma ba ta kururuwa. Mai shagon da ya ƙi yarda a yi wannan gwaji, a yi masa sallama cikin mutunci a wuce. Wanda zai sayi tsohuwa kuma ya ƙara da duba lafiyar batir, da kan kusoshin baya ko sun sha sukuddireba, ya kuma tabbatar cajar ta asali ce, domin ƙaramar caja ba ta iya ciyar da babban kati.

Sai takarda. Dokar da aka kafa a 2013 ta ce garantin sabon kaya kada ya gaza wata shida, na tsoho kuma wata uku, amma doka ba ta aiki da fatar baki. A rubuta rasit da sunan mai saye, da kwanan wata, da lambar da ke jikin kwamfutar, a buga hatimin shago. A tambaya kuma in ta lalace ina za a kai ta, nan ko arewa, wa zai biya mota. Ga mu Hausawa wannan takarda tana da wani amfani na biyu. Wanda ya bi hanyar In Gezam, kilomita 400 da shingaye, ya san saurayi baƙar fata da kaya mai tsada ba takarda tambayoyi zai sha. Kuma ba unguwar da ba ta san wani da aka kwashe zuwa Asamaka daga shi sai rigar jikinsa ba. Yaronmu a nan aka haife shi, takardunsa cikakku ne, amma duk da haka na sa ya ɗauki hoton rasit ɗin ya aika wa uwarsa da ni. Wanda zamansa bai daidaita ba kuwa, ni a ganina ya yi tunani sau biyu kafin ya tara guminsa na shekara a cikin abu guda da ake iya raba shi da shi cikin dare ɗaya.

Aka yi ciniki irin na garin, da rantsuwa da tashi da komowa, har mai shago ya sauko ya kuma ƙara da jaka da linzami. Abin da ya saura daga kuɗin siririyar nan, da shi aka cika RAM ta kai giga 16 a rumfar mutumin Damagaram, bayan mai shago ya yarda a rubuce cewa buɗewar ba za ta kashe garanti ba, aka kuma sayi soket mai kare kaya daga tsallen wuta. Mai gyaran ya rubuta kwanan wata a ɗan tef ya manna a gindinta, ya ce a komo da ita bayan wata huɗu, ko kafin nan in an yi jar guguwa.

Da muka isa gida yayata ta juya ta, ta ɗaga ta ta ji nauyi, ta ce ko ba komai dai an ba su ƙarfe da yawa. Da aka gaya mata labarin dunƙulen ƙurar nan, kafin magariba ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa, har da zariya a baki. Yaron ya ce, "Inna, sai an tuɓe mata fa kafin a kunna." Ta ce wannan kuma shi ya sani, ita dai ba za a bar adashinta tsirara a ɗaki ba.